Fili Kafin Gini: Darasin Birnin Wasanni na Khartum ga Mutanen Showak

Laccar da aka gabatar a gaban matasa da iyayen gari a Showak, jihar Gadarif

 

    

An nemi in yi magana a kan manyan filayen wasanni na birane: abin da ake tarawa a cikinsu, wuraren da suka yi suna, da abin da gari irin namu zai ƙaru da shi daga labarinsu. Na san a cikinmu akwai mai cewa a ransa, ƙasa tana cikin yaƙi, buhun dawa ya yi tsada, yara sun daɗe ba su ga aji ba, 'yan gudun hijira sun cika jiha, wa yake ta ƙwallo? Bai yi laifi ba, kuma zan amsa masa kafin in zauna. Magana ɗaya na zo da ita: a harkar wasanni fili shi ne asali. Gini yana iya jiran shekara ashirin, amma filin da aka yanka aka yi gidaje a kansa ya tafi ke nan.

ABIN DA AKE TARAWA A BIRNIN WASANNI

Bari mu fara da wanda aka gina aka gama, don mu san abin da ake magana a kai. A Abuja, babban birnin Najeriya, an gina irin wannan wuri domin wasannin ƙasashen Afirka karo na 8 da aka yi a watan Oktoban 2003. A tsakiyarsa akwai babban filin ƙwallo mai kujeru sama da 60,000, da hanyar tsere mai tsawon mita 400 da ta kewaye ciyawar. Kusa da shi akwai rumfar tseren keke, wadda aka karkata hanyarta a kan kwana don kada gudu ya jefar da mahayi. Sai zauren wasannin cikin ɗaki, inda ake ƙwallon kwando da ƙwallon hannu da makamantansu, sai wurin ninƙaya, da filayen tanis, da filin hoki, da filayen atisaye. A 2019 gwamnati ta sa wa wurin sunan Moshood Abiola.

A Yamai ta Nijar ma haka abin yake, ko da yake bai kai na Abuja girma ba. Filin Janar Seyni Kountché, wanda aka gina da taimakon ƙasar Sin aka buɗe a 1989, yana da zauren wasanni a gefensa, kuma birnin ya karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a watan Disamban 2005, har da kokawar gargajiya a ciki.

Dalilin tara komai wuri guda a bayyane yake. Ruwa ɗaya, wuta ɗaya, masu gadi ɗaya, hanyar mota ɗaya. Ƙasar da ke son karɓar babbar gasa tana buƙatar wurin da ɗan tsere da ɗan dambe da mai ninƙaya za su yi wasa a mako guda ba tare da an yi ta jigilarsu ba. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba, wanda a wurina shi ya fi nauyi: birnin da gine-gine suka cushe yana buƙatar sarari inda talaka zai miƙe ƙafa, ya sha iska, ya kai 'ya'yansa da la'asar.

FILAYEN DA SUKA YI TARIHI A ƘASARMU

Matasa da yawa ba su san cewa ƙwallon Afirka a ƙasar nan aka raɗa mata suna ba. Ranar 8 ga Fabrairun 1957, shekara guda da 'yan makonni bayan samun 'yancin kai, wakilan ƙasashe huɗu, Sudan da Masar da Habasha da Afirka ta Kudu, suka zauna a otal ɗin Grand da ke bakin kogi a Khartum suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF. Cikin jagororin tafiyar akwai likitan nan ɗan ƙasa, Dakta Abdulhalim Muhammad, wanda daga baya ya shugabanci hukumar daga 1968 zuwa 1972. Bayan kwana biyu aka fara gasar cin kofin Afirka ta farko a filin Khartum. An cire Afirka ta Kudu saboda ta ƙi kawo ƙungiyar da ta haɗa baƙi da farare. Masar ta ci Sudan 2-1, sannan ta lallasa Habasha 4-0 a wasan ƙarshe, kuma mutum ɗaya, Ad-Diba, shi ya zura ƙwallayen huɗu.

A wannan fili dai, a Fabrairun 1970, Sudan ta ɗauki kofin bayan ta ci Ghana 1-0, da ƙwallon Hasabu Sagir. Zamanin su Jaksa da Ali Gagarin ke nan. An raba wasannin gasar tsakanin Khartum da Wad Madani. Dattawan da ke nan, waɗanda suka saurara a rediyo, sun fi ni sanin yadda gari ya kwana a daren.

Idan ka haye kogi zuwa Umdurman, sai ka tarar da tsohon filin Darur Riyada, wanda tun zamanin Turawa ake wasa a cikinsa, ba nisa da ƙubbar Mahadi da gidan Halifa. A unguwar Arda kuwa ga filayen manyan kulob biyu abokan hamayya suna kallon juna: na Marrikh a kudu, wanda aka buɗe a 1964, na Hilal a arewa, wanda aka buɗe a 1968. A 1989 Marrikh ta ɗauki kofin zakarun kofuna na Afirka, kofin da ke ɗauke da sunan Mandela, a hannun Bendel United ta Najeriya: ci 1-0 a gida, canjaras babu ci a can. Hilal ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka sau biyu, a 1987 da 1992. Ranar 18 ga Nuwamban 2009 idon duniya ya koma filin Marrikh, inda Aljeriya ta ci Masar 1-0 a wasan raba gardama na zuwa gasar kofin duniya, Antar Yahya ya ci ƙwallon. A 2011 ƙasar nan ta karɓi gasar 'yan wasan da ke taka leda a gida, wato CHAN, aka yi wasanni a Khartum da Umdurman da Wad Madani da Bur Sudan. 'Yan'uwanmu na Nijar, waɗanda suka fitar da Najeriya kafin su zo, sai a bugun fenariti Sudan ta iya cire su. Tunisiya ta ɗauki kofin, Sudan ta zo ta uku.

Kada mu manta da fagen Haj Yusuf a gabashin kogi, inda 'yan kokawar Nuba suke karawa ranar Juma'a da yamma. Da'irar yashi ce da 'yan matakalan zama, amma kafin yaƙi da wuya Juma'a ta wuce ba ta cika ba, har baƙi daga ƙasashen waje suna zuwa kallo.

Ku lura da abu ɗaya a duk wuraren nan. A tsakiyar jama'a suke. Mutum yana iya tasowa daga kasuwa ya isa da ƙafa. Kowannensu yana da masu shi, waɗanda ke jin zafinsa idan ya lalace: ko mambobin kulob, ko 'yan unguwa, ko 'yan kokawa da makaɗansu.

BIRNIN DA BAI ZAMA BIRNI BA

Yanzu mu zo kan abin da ya tara mu. A 1991 gwamnati ta ware wani makeken fili a kudancin Khartum domin gina Birnin Wasanni na Sudan. Ɗalibanmu da na Najeriya da Nijar da suka yi karatu a Jami'ar Afirka sun san wurin, don maƙwabta suke. Faɗinsa ya kusa murabba'in mita miliyan ɗaya da rabi. Ku manoma ne, bari in faɗa da ma'aunin da kuka sani: sama da faddan 350. Cikakken filin ƙwallo, mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68, bai kai faddan biyu ba. Ashe ke nan wurin zai ɗauki filayen ƙwallo wajen 200.

Tsarin da aka zana babba ne: filin ƙwallo na dubun-dubatar 'yan kallo, da hanyar tsere, da wuraren ninƙaya, da zaurukan wasanni, duk irin abin da na lissafa muku na Abuja. Aka fara zuba kankare, ginshiƙai suka tashi, kuɗi ya yanke, aiki ya tsaya. A yi a tsaya, a yi a tsaya, har aka haifi yara suka girma suka yi aure ba a kammala shi yadda aka tsara ba.

Jinkirin ginin ba shi ne babbar asarar ba. Yayin da ido yake kan ginshiƙan da ba a gama ba, filin da ke kewaye da su yana ta raguwa. Birni ya faɗaɗa ya iso wurin, ƙasa ta yi daraja, sai aka shiga yanka: wannan yanki a bai wa wata hukuma, wancan a bai wa wata ƙungiya, wani a mayar da shi filayen gidaje da shaguna. Kowane yanka da takardarsa da hujjarsa. Da aka zo lissafi, mafi yawan filin ya fita daga hannun wasanni. Maganar ta kai majalisar dokoki, bayan sauyin gwamnati na 2019 kuma ta kai kotu, aka gurfanar da wasu manyan tsohuwar gwamnati a kanta.

Me ya sa aka iya yi wa wannan fili abin da ba wanda zai iya yi wa filin Hilal ko na Marrikh? Saboda ba kowa a cikinsa. Da a ce tun 1991 an share filaye ashirin na ƙasa, an kafa sanduna, an dasa itatuwa, an ce wa kowace unguwa ta kudancin Khartum ga naku, da duk wanda ya zo da igiyar awo sai ya tarar da yara ɗari suna wasa da iyayensu a bayansu. An zaɓi a fara da abu mafi tsada, aka bar mafi arha, kuma mafi arhar nan shi ne zai tsare sauran.

Ƙarshen labarin kun san shi. Wurin da babu farar hula a cikinsa, masu bindiga ne suka samu amfaninsa. Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, cikin watan azumi, a kewayen Birnin Wasanni da unguwar Soba aka ji harbe-harben farko na yaƙin da ya raba miliyoyin mutane da gidajensu. Yau idan aka ambaci sunan wurin, ba ƙwallo ke zuwa zuciyar mutum ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

GAMA GINI MA BA SHI NE ƘARSHE BA

Kada wani ya ce ai da an gama ginin da shi ke nan. Na Abuja an gama shi, amma ciyawarsa ta lalace har ƙungiyar ƙasa ta riƙa kai wasanninta wasu garuruwa, sai da attajirin nan ɗan Kano, Alhaji Aliko Ɗangote, ya ɗauki nauyin gyaranta. Ba a daɗe da gyaran ba, ranar 29 ga Maris 2022, Ghana ta hana Najeriya zuwa gasar kofin duniya a filin, 'yan kallo suka fusata suka afka ciki suka yi ɓarna. Babban gini kullum yana cin kuɗi: ruwan ban ciyawa, man janareto, albashin ma'aikata, gyaran rufi. Ko an yi wasa ko ba a yi ba, sai an biya.

Ku kwatanta da abin da Nijar ta yi da kokawa. Tun 1975, lokacin da aka fara gasar takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama sarkin farko, gasar take zagaya jihohin ƙasar. Kowace jiha, daga Agadas zuwa Difa, daga Doso zuwa Damagaram, tana da fagenta, tana kawo 'yan kokawa goma. Fagen Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi. Da'irar yashi ce da aka kewaye da buhunan ƙasa, sai wurin zaman jama'a. Idan gasar ta zo, ƙasa gaba ɗaya takan koma gindin rediyo da talabijin, yaro ƙarami ma ya san sunan Issaka Issaka na Doso. Wasan mutanen ne tun kaka da kakanni, shi ya sa ba a roƙon kowa ya zo kallo.

ABIN DA YAƘI YA NUNA MANA

Da aka fara yaƙi, filayen Khartum da Umdurman suka yi shiru, wasu suka lalace. Hilal da Marrikh sai a gasar ƙasar Muritaniya suka buga kakar 2024 zuwa 2025, daga nan suka koma ta Ruwanda. Ƙungiyar ƙasa, a hannun mai horarwa Kwesi Appiah ɗan Ghana, a ƙasashen wasu ta riƙa karɓar baƙi. Duk da haka, a Oktoban 2024 ta ci Ghana 2-0 a Libiya, ta samu gurbin gasar kofin Afirka ta Maroko, Ghana ta zauna a gida. A Agustan 2025 kuma, a Zanzibar, ta ci Najeriya 4-0 a gasar CHAN. Ina neman afuwar baƙinmu na Najeriya da ke cikin taron nan.

Daga ina waɗannan yara suka fito? Daga filayen ƙasa na unguwanni, daga ƙwallon da ake bugawa ba takalmi tsakanin la'asar da magariba. Haka ma a guje-guje. Isma'il Ahmad Isma'il ya kawo wa Sudan lambarta ta farko a wasannin Olamfik, azurfa a tseren mita 800 a Beijin a 2008. Abubakar Kaki ya zama zakaran duniya na tseren mita 800 na cikin zaure a 2008 da 2010. Duk wannan ya faru Birnin Wasanni yana tsaye ba a gama ba.

Amma kada wannan ya ruɗe mu. Waɗanda ke cin wasa yau, kafin yaƙi suka koya. Yaron da ke da shekara goma yanzu, wanda aka taso da shi daga Khartum ko Jazira ya sauka a Gadarif, ina zai koya? Ga amsata ga mai tambayar wa yake ta ƙwallo. Saurayin da ba makaranta, ba aiki sai lokacin noma, yana da awanni masu yawa a hannunsa, kuma akwai masu zawarcin waɗannan awanni: mai ƙwaya yana so, mai safarar mutane ta kan iyaka yana so, mai raba bindiga yana so. Fili yana cikin 'yan abubuwan da za mu iya sa wa a gabansa da ƙarfinmu, ba tare da jiran kowa ba.

ABIN DA SHOWAK ZA TA IYA

Hausawa suka ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Showak ba Khartum ba ce, amma tana kan babbar hanyar Gadarif zuwa Kasala, ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Fashaƙa, ga madatsar ruwan Atbara da Setit da aka buɗe a 2017 a kusa da mu, ga baƙi suna ta sauka. Gari yana faɗaɗa. Sararin da yara ke wasa a bayan unguwa yau, gobe wani zai zo da takarda. Ga abin da nake ba da shawara, bi da bi.

Na farko, takarda. Iyayenmu su je mahalliya, wato ƙaramar hukuma, a nemi a ware fili, ko faddan goma ne, masu awo su auna shi, a kafa duwatsun iyaka, a fitar da shahadar bahas, wato takardar mallakar fili, da sunan amfanin jama'a, ba da sunan mutum ko kulob ɗaya ba. Idan wani mai hali zai bayar da gonarsa, a rubuta ta waƙafi a gaban alƙali da shaidu. A yi kwafi da yawa: ɗaya wurin Umda mai gari, ɗaya wurin liman, ɗaya a makaranta. Alkawarin baki yana mutuwa tare da wanda ya yi shi.

Na biyu, a shiga filin a makon da aka karɓe shi. Kada a jira katanga. Sanduna huɗu da raga sun isa a fara. Filin ƙwallo tare da hanyar tsere a kewayensa zai ci wajen faddan huɗu. A shimfiɗa shi daga kudu zuwa arewa, don kada ranar yamma ta riƙa dukan idon mai tsaron gida. Sauran wurin a raba: ƙaramin fili na yara, wurin ƙwallon raga, da'irar kokawa da dambe, da sararin langa da tsere.

Na uku, ƙasa. Baƙar lakar nan tamu da ke ba mu dawa da riɗi ba ta son wasa. Da damina ta zama taɓo, da rani ta tsattsage ta karya ƙafar yaro. Maganinta a ɗaga tsakiyar filin kaɗan, a haƙa magudana a gefe, a zuba tsakuwa da yashi a daddaɓe. Yashi kuwa ga kogin Atbara a ƙofar gida. Masu tarakta da tirela su ba da yini guda bayan an gama girbi, samari su fito gayya. Kada a yi mafarkin ciyawa tukuna, ruwan da za ta sha ya fi ƙarfinmu. Cike tsagar ƙasa yana da wani amfanin kuma: likitoci sun daɗe suna danganta ɗan ƙwaron da ke yaɗa cutar kala'azar a yankin nan da tsagaggiyar laka da kurmin dushe da aduwa, kuma daga faɗuwar rana yake cizo.

Na huɗu, inuwa da ruwa. A dasa itatuwa a kan iyaka, su zama inuwa su zama shaida. A tambayi ma'aikatan gandun daji da na lafiya irin da ya dace. A guji itacen maskit, kun ga abin da ya yi wa gonakin Kasala da Sabuwar Halfa. A ajiye randuna ko tanki, a kewaye wurin alwala da sallah da makewayi.

Na biyar, lafiya. A watan Maris 2010 Endurance Idahor, ɗan Najeriya da ke buga wa Marrikh, ya faɗi ana tsakiyar wasa a Umdurman, bai tashi ba. Idan haka ta faru a babban kulob, mu a nan sai mu shirya. A koya wa samari biyu ko uku taimakon gaggawa, a ajiye akwatin magani, a daina wasa da tsakar rana a watannin zafi.

Na shida, filin na kowa ne. A ware wa iyayenmu mata da 'yan mata lokacinsu da gefensu mai sutura, su taka su motsa jiki, don hawan jini da ciwon sukari ba su san mace ko namiji ba. Dattawa su samu hanyar zagayawa bayan asuba. Bahaushe da Balarabe da ɗan Bani Amir da ɗan gudun hijira duk su samu rana a jadawali. Kowace ƙabila da ta sa ƙafa a filin ta zama mai gadinsa.

Na bakwai, riƙo. A kafa kwamiti ƙarami mai dattijo da malami da mace da matasa, da littafin shiga da fitar kuɗi da za a karanta a bainar jama'a. A tsara gasa daidai da kalandar manomi, kada ta ci karo da yankan riɗi, lokacin da kowane hannu yake gona. Kuma a bar abin a hannun masu yinsa. A 1976 Shugaba Numairi ya rushe kulob-kulob da doka, ya ce za a koma wasannin jama'a. Ba a daɗe ba aka janye dokar, bayan 'yan wasa da dama sun bar ƙasa. Ko da niyya mai kyau ce, umarni daga sama ba ya haifar da ɗan wasa.

GA IYAYE DA MALAMAI

Na san damuwarku, Allah ya gafarta malam: wasa yana cinye sallar magariba, yana hana karatu, yana kawo caca da faɗa. Duk suna faruwa. Sai dai sun fi faruwa a inda babu babba. A filin da ke da dokoki, alƙalin wasa yana busa tashi kafin kiran sallah, wanda bai je makaranta ba ba ya shiga jadawali, mai caca a kore shi. Kun fi ni sanin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, ya sa an yi sukuwar dawaki, ya kuma bar mutanen Habasha suka yi wasan masu a masallacinsa ranar idi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba ka tanƙwara wanda ba ka san inda yake yini ba.

Ku kuma samari, kada ku raina filin ƙasa don kun ga na Turai a waya. Ku tsare lokaci, ku tsare harshe, ku girmama alƙali ko ya yi kuskure. Ranar da kuka yi faɗa a filin, kun bai wa mai son yanka shi hujja.

Saboda haka ina roƙon kada mu watse yau sai an ambaci mutanen da za su je mahalliya, da ranar da za su je, da ranar da za su dawo su faɗa wa jama'a abin da aka ce musu. Masu tarakta su faɗi yinin da za su bayar. Matasa su rubuta sunayen ƙungiyoyin unguwanni kafin Juma'a mai zuwa. Katanga da matakalai da fitilu za su zo a lokacinsu, in Allah ya so, ko a hannunmu ko a hannun 'ya'yanmu, muddin mun bar musu inda za su gina.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, ya ba mu damina mai albarka, ya shirya mana zuriya.